Makanikin Hilux a Tamale: Kunne Kaɗai Ya Daina Isa

A Amurka, idan ana maganar a-kori-kura, Ford F-Series ake nufi, wadda ake ƙerawa tun 1948. A Tamale kuwa Toyota Hilux ce ke riƙe da hanya. Da ita ma'aikatan gona da na ƙungiyoyin agaji ke shiga ƙauyukan Yendi da Salaga da Bimbilla, kuma idan damina ta gama jijjiga ta, garejin Industrial Area take komawa.

Hilux ta fito a Japan a 1968, 'yar ƙarama. A 1979 aka yi mai ja da ƙafa huɗu, daga nan ta yi suna a hanyar burji. Amma wadda tsofaffin masta suka fi ƙauna ita ce mai injin 3L, na dizal, da ya zo a 1988. Ba kwamfuta a cikinsa. Masta zai ce wa yaronsa, "Tayar da ita, taka kaɗan." Ya sunkuya, ya saurara, ya dubi hayaƙi. Baƙi ne, nozul ko matatar iska. Fari ne da safe, a duba hita. Sifana da kunne sun gama aiki, kayan gyara kuma a aika Suame Magazine a Kumasi a kawo.

Hilux ƙirar Vigo ta 2004 ce ta sauya sana'ar. Injinta na D-4D kwamfuta ke auna masa mai, kuma ba ya yafe gurɓataccen dizal. Ɗan ruwa a tanki kan kashe nozul masu tsadar gaske. Ƙirar Revo ta 2015 ta ƙara wayoyi da na'urori. Yanzu sai an jona na'urar gwaji a ƙasan sitiyari, a karanta lambar matsala, kafin a taɓa ƙusa. Tun 2021 ma a Tema ake harhaɗa Hilux, don haka sababbin ƙira za su yi ta hawowa arewa.

Abin da ke damuna shi ne yaran gareji. Da yawansu an cire su daga makaranta da wuri, sun iya sauke giya cikin rana ɗaya, amma rubutun na'urar ya fi ƙarfinsu. Iyaye da masta, ku bar yaro ya iya karatu sosai kafin a miƙa masa sifana.