Iyayen da Ke Riƙe da Makarantun Umdurman

 Shirinmu na musamman a yau ya yada zango a Umdurman, birnin da ke gaɓar yamma ta kogin Nilu, daura da Khartoum. Za mu duba wani aiki ne da ba albashi, ba lambar yabo: shugabancin majalisar iyaye da malamai, wadda a can suke ce wa majalisar tarbiyya.

Ba yau mutanen Umdurman suka fara sa hannu a aljihu saboda makaranta ba. A 1927, zamanin mulkin Ingila da Masar, mutanen garin suka yi karo-karo suka buɗe makarantar Ahliyya, ba su jira gwamnati ba. Jami'ar mata ta Ahfad, wadda ta soma a 1966, tsatsonta makarantar 'yan mata ce da Babikir Badri ya kafa a Rufa'a a 1907. Da irin wannan himma ta al'umma aka kafa Jami'ar Ahliyya ta Umdurman a 1986.

To amma aikin majalisa ba a manyan gine-gine ake ganinsa ba. Tun shekarun 1990 da aka danƙa makarantun firamare a hannun jihohi da ƙananan hukumomi, abin da hukuma ke iya biya bai cika wuce albashin malamai ba, shi ɗin ma wani lokaci sai an sha jira. Alli, benci, gyaran banɗaki, ladan mai gadi, duk suka faɗo kan iyaye. A unguwa irin Umbadda, idan famfo ya ƙafe, sai an sayi ruwa wajen mai amalanken jaki a cika randuna kafin rana ta take. Da hantsi kuma yara su fito karin kumallo, kowa da burodinsa da wake a ciki, sai ka hangi wani yaro ya raɓe a gindin katanga kamar ba ya jin yunwa. Majalisar da ta san aikinta ta san sunan wannan yaron, ta kuma san mai shagon da zai ciyar da shi ba tare da an yi shela ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi. A takarda karatun firamare kyauta ne, amma ba gudummawar iyaye makaranta ba ta motsi. Ma'aji yana bin gida-gida da littafinsa, wani ya bayar, wani ya ba da haƙuri, wani kuwa ya tambaye shi ina na bara ya shiga. Dole ya haɗiye, ya buɗe lissafi a gaban kowa. Ni dai a ganina, duk majalisar da ta bari aka kori yaro daga aji saboda ubansa bai biya ba, ta ci amanar da aka ba ta.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya ƙara nauyin. A wannan shekarar UNICEF ta ce yara kusan miliyan 19 ba sa zuwa makaranta a Sudan. Azuzuwa da yawa suka koma mafakar 'yan gudun hijira. Bayan sojoji sun karɓe Khartoum a Maris 2025, jama'a suka fara dawowa, iyaye da matasan unguwa suka shiga gayyar share azuzuwa da ɗora ƙofofi.

Saboda haka mai sauraro, kana Umdurman ne, ko Mai Wurno, ko Kano, ko Maraɗi, idan aka ambaci sunanka ranar zaɓen shugabannin majalisar makaranta, kada kunya ta sa ka karɓa. Duba lokacinka da haƙurinka tukuna. In ka karɓa kuwa, ka riƙa leƙa makarantar ko ba ranar taro ba.

A nan za mu dasa aya. Mu kasance lafiya.