Ambaliya a arewacin Gana

Bawku gari ne a arewacin Gana, kusa da iyakar Burkina Faso. Akwai Hausawa a zangonsa. Kogin Farin Bolta yana wucewa ta yamma da garin.

A Burkina, an tare kogin nan da madatsar ruwa ta Bagre. In damina ta yi ƙarfi, wajen Agusta ko Satumba, madatsar takan cika. Sai a buɗe ƙofofinta don kada ta fashe. Ruwan yakan gangaro Gana, ya cinye gonaki, ya rushe gidajen laka. A shekarar 2007, ambaliya ta yi ɓarna ƙwarai a wannan yanki.

Tun 1996 gwamnatin Gana ta kafa hukumar NADMO don kare jama'a daga bala'i. A 2016 wata doka ta buɗe mata asusun kuɗi. Kafin a saki ruwa, hukumar takan gargaɗi mazauna bakin kogi su koma kan tudu.

Yara, in kun ji gargaɗi, ku faɗa wa iyayenku. Kada ku shiga ruwa mai gudu. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. Don me ake buɗe madatsar Bagre?
2. Mene ne aikin NADMO?