Mota Ba Ta Maye Gurbin Madugu

Tun daga watan Nuwamba na 2023, lokacin da mahukuntan Nijar suka soke dokar nan ta 2015 wadda ta haramta jigilar baƙin haure, hanyar Agadas zuwa Dirku ta sake shiga bakin 'yan jarida, kuma duk sa'ad da aka ji labarin motar da ta mutu a tsakiyar hamadar Tenere, sai mutane su kasu biyu: wasu su ce ƙaddara ce kurum, wasu kuwa, musamman samarin da Allah Ya hore wa sabuwar Hilux da waya mai nuna taswira, su ɗora laifin a kan tsufan mota, har su riƙa raya wa kansu cewa su kam za su iya ratsa hamadar su kaɗai domin yawon buɗe ido. Duka biyun sun kauce wa haƙiƙanin al'amari.

Guzurin mota sananne ne: jarkokin mai da na ruwa fiye da lissafin tafiya, tayoyin safaya biyu, shebur, farantan ƙarfe na cusawa ƙarƙashin taya idan ta kafe, wayar Thuraya, da rage iskar taya kafin shiga rairayi mai laushi. Kowane direban tashar Agadas zai karanta maka wannan a tsaye. Amma mota da guzurinta ba su hana Mark Thatcher, ɗan firaministar Birtaniya ta wancan lokaci, ɓata kwana shida a hamadar Aljeriya ba a gasar Paris-Dakar ta 1982, alhali kuwa akwai jiragen sama masu nemansa. Ina ga talakan da ba wanda ya san ya tashi?

Abin da aka yi wa riƙon sakainar kashi shi ne ilimin ayari. Shekaru aru-aru Azbinawa suna tashi bayan damina, su bi ta Fachi su isa Bilma, tafiyar da ta kai kilomita 600, su kai gero su ɗauko kantu da dabino, waɗanda daga bisani suke gangarowa kasuwannin Damagaram da Katsina da Kano. Kuma ba su taɓa yin haka ba sai a ƙarƙashin madugu, wanda ya san taurari, ya san yadda iska ke kwantar da rairayi, ya kuma haddace rijiyoyi kamar yadda almajiri ke haddace allonsa. Dubi tadbirinsu: tun a Azbin ake yankar ciyawa a ɗaure dami-dami a labta wa raƙuma, a riƙa ajiye wasu a hanya domin dawowa, ayari idan ya ɗaga da hantsi ba ya tsayawa sai dare ya raba, har shayi ma a tafe ake dafa shi a ɗan kaskon gawayi, a miƙa daga hannu zuwa hannu. Raƙumi ɗaya idan ya gaza, ɗaruruwa suna nan su raba kayansa. Mota ɗaya idan ta mutu fa?

Amsar tana arewacin Arlit, inda a watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92, galibinsu mata da ƙananan yara, da yawansu 'yan Kance, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta gama da su; haka kuma a 2017 mutum 44 suka rasu tsakanin Agadas da Dirku. Dokar 2015 ɗin ma ta ƙara dagula lamarin, domin direbobi, saboda gudun jami'an tsaro, sun riƙa kauce wa sanannun rijiyoyi suna kutsawa inda ba mai bi.

Malamai sun daɗe da bayyana cewa tawakkali ba ya kore riƙon sababi, kuma jefa kai cikin halaka haramun ne, ko da sunan nishaɗi. Saboda haka mai son ganin Tenere ya rage girman kai, ya nemi ɗan ƙasa masanin hanya ya biya shi haƙƙinsa, ya shiga jerin motocin da soja ke rakawa, idan kuwa mota ta mutu kada ya kuskura ya bar inuwarta. Su kuma hukumomi, har yaushe za su zuba ido tsofaffin madugai suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya zauna gabansu da alƙalami ya rubuta sunayen rijiyoyin da ke kansu?