FUMFUNA MAI MAGANIN FUMFUNA

Kowa ya san fumfunar nan kore-kore da kan kama gyaɗa da masara idan sun sha laima. Amma ba kowa ya san akwai dafi cikinta ba. Masana suna kiran dafin nan afalatoksin. Ba ya mutuwa da dahuwa, yana kuwa jawo ciwon daji na hanta.

Cikin 1960 aka fara gane shi, sa'ad da talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila saboda tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Birazil. Cikin 2004 kuma mutum 125 suka rasu a Kenya don sun ci masara mai dafin nan.

To, ina magani? Fumfunar tana zaune cikin ƙasar gona, tun amfani bai nuna ba ta ke shigarsa. Da masana suka bincika, sai suka tarar jinsinta iri biyu ne, wani yana yin dafi, wani ba ya yi. Watau 'yan uwan juna ne, abincinsu ɗaya, mazauninsu ɗaya. Wanda ya riga kama wuri shi ke hana ɗan'uwansa.

Hausawa suka ce da ɗan gari a kan ci gari. Ma'aikatan cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan suka zaɓi iri huɗu marasa dafi daga gonakin Nijeriya, suka shafa su a jikin dawa wadda aka soya don kada ta tsira, aka rina ta shuɗi. Sunan abin Aflasafe, hukumar NAFDAC ta yi masa rajista cikin 2014.

Aikinsa ba wuya. Kilo 10 ya isa hekta guda. Da hannu a ke watsa shi, mako biyu ko uku kafin shuka ta yi fure, ƙasa na da danshi. Sa'an nan fumfunar kirki ta tsiro kan dawar, ta mamaye gonar. Gwaji ya nuna dafin kan ragu da kashi 80 cikin 100 ko fiye.

Amma fa kada a sake. Lalle a busar da amfani sarai, a tsince ruɓaɓɓe, a gyara rumbu. Malaman makaranta da akawuna, ku ne masu karatu, sai ku bayyana wa manoman garuruwanku, kuma ku gargaɗe su dawar nan shuɗiya ta gona ce, ba ta tuwo ba.