Lasisin Babbar Manhaja a Hannun Mai Gyaran Kwamfuta

Babbar manhaja, kamar Windows, ita ke tafiyar da ayyukan kwamfuta. Idan ta lalace, mai gyara kan kwashe bayanan mai kwamfutar ya adana, sannan ya goge ta ya ɗora sabuwa. Daga nan sai batun lasisi, wato izinin amfani da manhajar. A da, lambarsa mai haruffa da alƙaluma 25 kan zo manne a jikin na'urar. Tun fitowar Windows 8 a shekarar 2012, akan saka ta ciki daga masana'anta, kuma ba a mayar da ita kan wata na'urar. Ke nan, duk mai gyaran da ya ɗora ta jabu ya tauye haƙƙin da mai kwamfutar ya riga ya biya.