Karyar Mafarauci Idan Ta Ɗauki Ciki

A birnin Zazzau kare ba ɗan ɗaki ba ne. Wurinsa bayan gida ko gindin ganuwa, wajejen Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana. Amma in rani ya yi, mafarauta suka nufi daji, nan ake sanin darajarsa. Karen bana shi ke maganin zomon bana, kuma karen bana daga cikin karya yake fitowa. Shi ya sa mafaraucin ƙwarai ke sa mata ido tun daga ranar barbara.

Cikinta na kwana 63 ne, ko da ɗan ragi ko ƙari. Makonni ukun farko ba ta nuna komai. Daga nan sai ta fara juya wa tuwon da aka zuba mata baya, wani lokaci har da amai. Karyar da ke riga kowa tashi in ta ji ƙaho, sai ga ta kwance a inuwa tana bin ubangidanta da ido. Wajen wata guda kan nonuwanta ke kumbura ya yi ja. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta: mai lura ya riga ya sani, tun kafin ciki ya fito fili bayan kwana 40.

Akwai kuma cikin ƙarya. Karya kan yi nono, ta gyara makwanci, har ta rungumi tsumma tana lasa, alhali babu ɗa ko ɗaya. Likitocin Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ke raba gardama, da na'urar hoton ciki, tun daga wajen kwana 25. Matsa cikin da hannu a gida yana iya kashe 'ya'yan.

Idan haihuwa ta matso, takan daina cin abinci, ta dinga haki, ta tona rami a lungu ko ƙarƙashin rumbu. Zafin jikinta kan sauka zuwa wajen digiri 37 kwana guda kafin naƙuda. Kwikwiyoyi na zuwa ido a rufe, sai sun kusa mako biyu suke buɗewa. A wannan lokacin ko lafiyayyar karya takan yi cizo, don haka a janye yara.

Musulunci ya halatta riƙe kare domin farauta da gadin dabbobi da gona, kuma hadisi ya ba da labarin wanda Allah ya gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. To, ina ga wadda ta sha gudu a ƙaya domin tukunyarka? In alamu sun bayyana, a hutar da ita daga daji, a ƙara mata abinci da ruwa, kada a ɗura mata magani sai da izinin likita. Haƙƙinta ne, kuma yana wuyan mai ita.