Haɗewar ƙasusuwan fiffike a jikin aku

Haɗewar ƙasusuwan fiffike, wadda likitocin dabbobi ke kira sinostosis, lalura ce da kan samu akun gida da sauran tsuntsaye bayan karaya. A tsakiyar fiffike akwai ƙasusuwa 2 a jere, radiyos da alna, masu zamewa a gefen juna idan tsuntsu ya buɗe fiffike ko ya naɗe shi. Idan suka karye, sabon ƙashin da ke tsirowa don ɗinke karayar yakan yi yawa har ya manne su wuri ɗaya. Daga nan fiffiken ya sandare, akun ya kasa tashi. Ana gano lalurar da hoton ƙashi. Maganinta tiyata ce: a kankare ƙashin da ya haɗa su, a sa kitse a tsakani don kada su sake mannewa.